Yadda Na Zuba Kawunan Nok a Shara

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na gyara tarihin duniya ba, ni kaɗai, da takardar sakandare.

Ni ne akawun sashen zane-zane a wata babbar makaranta a nan Mubi. Mutum ne ni mai tsari. Ko biro aka ajiye a karkace sai na yi magana. Shugabar sashenmu, Dakta, 'yar garin Duvu ce. Ta ba ni aikin shirya hotunan da ake koyar da tarihin zane da su a kwamfuta, domin masu duba kwasa-kwasai za su zo. In sun gamsu, kwas ya tsira, ni kuma a tabbatar da ni a aiki.

Na bi abin daki-daki. Na farko, na ba kowane hoto lamba. Na biyu, na jera su. Na uku (a nan basirata ta motsa), na ware lalatattu. Na ga kai babu gangar jiki, na ga mace babu hannuwa, na ga tukunya rabi. Wanda ya san intanet ɗin Mubi ya san hoto ba ya sauka gaba ɗaya. Na kwashe su duka.

Ranar Talata baƙi suka zauna, na kunna majigi, ƙirji a gaba. Wani farfesa mai furfura ya ce, "Mu ga kawunan Nok, tsoffin nan na yumɓu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na cire su. Kai kaɗai ya sauka, jikin bai iso ba tukuna."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, mun yi shekara dubu biyu muna jiran jikin. In ya iso, ka sanar da mu."

Dakta ta ce a hankali, "Baba Akawu, tukwanen da na ɗauko hotonsu a garinmu fa?"

"Fasassu ne, Dakta."

"A fashe aka tono su. Su ne darasin."

Abin da ya cece ni shi ne ba na zubar da komai sai na rubuta shi. Duk suna nan a wata jaka guda cikin kwamfuta, kowanne da lambarsa. Na buɗe ta. Sunan da na raɗa mata ya fito a bango da manyan haruffa: SHARA.

Awa guda farfesoshi suna kallon shara suna jinjina kai. (Ɗaya har ya yaba jerin lambobin, ban sani ba ko da gaske yake.)

Kwas ya tsira, an kuma tabbatar da ni. Ɗalibai dai har yau in za su shiga aji sai su ce, "Baba, a buɗe mana shara."

Yanzu tsarina ya ƙaru da mataki ɗaya, kuma shi ne na farko: kafin in gyara abu, ina tambaya ko dama haka aka same shi.