Inuwar Malafar Don Melitón

"Sannu da dawowa, tsohuwa. Na ɗauka sun haɗa ki da talotalo sun sayar."

"Wa zai iya kuɗina? Karɓi kwandon nan, hannuna ya sage, kana zaune kamar an dasa ka."

Doña Crescencia ce ta dawo daga kasuwar Tlacolula. Jikanta Nicanor kuwa tun safe ya ajiye keken da yake haya da shi, ya tasa takarda gaba a tsakar gida. Gobe ne bikin matattu na shekara, a al'adar garinsu da rana za a kaɗa ƙararrawa matattu su zo ganin gida. An jera furanni da burodi da kyandir a teburinsu, amma babu hoton kakansa marigayi Don Melitón. Guda ɗaya tak suke da shi, shi ma yoyon damina ya cinye fuskar. Tsohuwar ta kafe a kan cewa in babu hoto, mijinta gidan maƙwabta zai zarce. Nicanor, wanda wata biyu ke nan da fara koyon zane a waya, ya bugi ƙirji ya ce zai zana shi. Yanzu zanen ya gagare shi, fensirin da ya aike ta saya kawai yake jira ya cece shi.

Ya buɗe ƙullin da ke cikin kwandon, ransa ya ɓaci.

"Kaka, mene ne wannan?"

"Idonka ya mutu ne? Fensir."

"Na rubuta miki a takarda. Mai laushi, shida-B, da ɗan sandan murza inuwa, da kilina. Kin kawo min na 'yan firamare guda uku da na kafinta."

"Fensir ɗaya peso talatin da biyar? Sai da na tambayi yarinyar shagon ko shi yake zanen da kansa."

"Wallahi rowarki ce ta kashe tsohon nan."

"Girkina ne ya riƙe shi har ya kai shekara tamanin. Kai da ko budurwa ka kasa riƙewa wata uku. Matsa in ga abin da ka yi."

Ya so ya rufe da hannu, ta buge hannun. Ta daɗe tana kallo, tana karkata kai.

"Wannan wane ne?"

"Mijinki mana."

"Mijina? Wannan ɗan fim ɗin mai fuska kamar an wanke faranti? Ka ɗora wannan a tebur, Melitón ya leƙo ya ce tun bai shekara biyu a ƙasa ba na yi sabon aure."

"Ai ban gama ba. Mai koyarwa ya ce da haske ake farawa, a riƙa ƙara duhu hawa-hawa. Kuma da waɗannan tsinkayen naki har badi ba zai yi duhu ba."

"Shi mai koyarwar ya taɓa ganin Melitón? Ina malafarsa?"

"A hoton babu malafa."

"Shi ya sa hoton bai taɓa kama da shi ba. Mai hoto ne ya tilasta masa cirewa, ya fito zuru-zuru kamar an kama ɓarawon akuya. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, goshinsa sau nawa na gani da rana? Daga gira zuwa tsakiyar hanci inuwa ce. Kai kana nan kana wahala da idanu, ɗaya ma yana kallon garin Puebla."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce, idanun nan sun ba shi kashi kwana huɗu. Ya ja tsaki, ya zana bakin malafa yana ƙunƙuni. Da ya zo inuwa ya ɗauki siririn fensir, ta fizge ta cusa masa na kafintan.

"Kwantar da shi. Ka riƙe shi a tsaye kamar za ka yi wa jaki allura. Da gefensa za ka shafa, kar ka danne."

"Yaushe kika zama malamar zane?"

"Tun uwarka tana rarrafe nake zana furanni a wuyan riga kafin in yi musu ɗinki. Shafa."

Ya shafa. Bakin fensirin mai faɗi ne, ja uku ya rufe wurin da siririn zai yi ja talatin. Ya sake bi a gicciye, duhun ya zauna. Ta yagi takardar da aka naɗo burodi, ta murza ta tamau ta yi tsini, ta ce ya bi bakin inuwar da ita don kar ta tsaya kamar yankan wuƙa. Sannan ta ciro tsokar burodi ta mulmula.

"Burodin matattu ne fa, Kaka."

"Nasa ne, a fuskarsa za a yi aiki. Dangwala a kan hanci da ƙashin kumatu, nan rana take dukansa."

Ya dangwala, baƙin ya ɗago, haske ya fito. Nicanor ya ja baya. Idanun sun shige inuwa, sai ga mutumin da yake ɗora shi a kan jaki yana yaro yana kallonsa daga ƙasan malafa. Ya ajiye tsokar burodin a hankali.

Tsohuwar ta matso. Ta goge hannunta a zani kafin ta ɗauki takardar, ta kai ta teburin, ta jingina ta tsakanin furanni.

"Ga ka nan, mugu," ta ce a hankali. "Saura ka ce ka ɓata."

Ta dawo ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta gyara mayafinta, ta ɗaga haɓa.

"Me kuma?"

"Ɗauko wata takardar. Na yarda hannunka ba na tuƙin keke kaɗai ba ne." Ta yi dariya, idonta a jiƙe. "Zana ni yanzu, tun ina nan da zan gyara maka."