Honarabul Ga-ni-nan da Alhudahuda

Duk wanda ya ce bai san Honarabul Mikail Baffa ba a Dukawuya, to ko dai baƙo ne, ko kuma kurma. Allah ya yi wa bawan nan baiwar da ba kowa ya samu ba: ana jin zuwansa tun kafin a gan shi. Turarensa ke fara yin sallama, sai ƙarar shaddarsa da ta sha bugu ta biyo baya, sannan muryarsa, can daga ƙarshe shi kansa ya iso. Ɗaurin aure ne, suna ne, ko ta'aziyya, da ya sako ƙafa a zaure zai ce, "Ga ni nan," kamar dama shi ake jira a shafa fatiha. Tun ana faɗa a bayan idonsa har sunan ya bi shi, Honarabul Ga-ni-nan. Shi kuwa ya ɗauka kirari ne.

Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai aka dubi wahalar da ya sha wajen liƙa fosta a bangon mutane, aka naɗa shi mai ba shugaban wata ƙaramar hukuma shawara na musamman. Shawara a kan me? Takardar ba ta faɗa ba, shi ma bai tambaya ba. An ba shi kujera mai juyawa, da tsohuwar Fijo, da direba mai suna Audu, kuma a ganinsa ƙasa ta hau turba.

Abu ɗaya ne ya hana shi jin daɗin duniya. Ranar rantsarwa ya yi ta kutsawa har ya samu tsayuwa a ƙarshen sahun gaba, amma da jarida ta fito sai ya tarar wani mara imani ya datse hoton. Abin da ya rage na Honarabul shi ne kunnensa na hagu da gefen hula. Ya sayi kofi ashirin, ya zagaye kunnen da jan biro, ya rarraba wa dangi. Matarsa Nana Hauwa ta duba da kyau ta ce lallai kunnen ya fito. Tun daga ranar ya ƙudura a ransa cewa sai an buga hotonsa, shi gaba ɗayansa, a inda duk Kano za ta gani.

A unguwar akwai wani dattijo, Malam Modu, tsohon malamin firamare wanda kakanninsa suka zo daga Borno da allunansu. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai kallon tsuntsaye. Da an idar da sallar asuba zai rataya tsohuwar kyamararsa, ya tafi gindin badala kusa da kududdufi, ya zauna shiru yana rubuta abin da ya gani a wani ɗan littafi: yau shamuwa ta iso, yau zalɓe biyu, yau marai sun fara saƙa. Honarabul ya daɗe yana yi masa kallon wanda fansho ya taɓa wa kai. Sai ranar da ya ji labarin cewa Malam Modu da wasu tsofaffin malamai irinsa za su buga kalandar tsuntsayen Kano ta sabuwar shekara, a raba kyauta ga teloli da masu aski da masu shayi.

Nan take lissafi ya zo masa. Jarida kwana ɗaya take yi a naɗe tsire da ita. Kalanda kuwa wata goma sha biyu cur tana bango, kowa ya ɗaga kai sai ya gan ta.

Kafin mako ya zagayo Honarabul ya zama gwanin tsuntsaye. Ya sayo kyamara mai baki kamar taɓarya, da madubin hangen nesa da yake ratayawa ko masallaci zai je. Ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa cewa shi ne mai ba da shawara kan harkokin tsuntsaye, tunda gurbin babu kowa. Sannan ya aika aka kira masa Malam Modu.

"Malam," in ji shi, yana juyi a kujera, "gwamnatin nan ta kowa ce, har da masu fukafukai. Wane tsuntsu ne ya fi kowanne daraja? Shi nake so mu fito tare a shafin farko."

Malam Modu ya ce a wurinsa dai alhudahuda ne, mai tukkun nan da yake buɗewa kamar mafici. Akwai ɗaya da ke kiwo a gindin badala. Shekara goma sha ɗaya yana neman hotonsa da tukku a buɗe bai dace ba. Honarabul ya yi dariyar tausayi. Shekara goma sha ɗaya, ai wannan rashin hanya ne. Ya ce ranar Asabar za a gama.

Ranar Asabar ɗin kuwa, da hantsi ya dubi ludayi, sai ga tawaga ta nufo badala. Fijo a gaba tana hon, mota biyu ta 'yan jam'iyya a baya, ga Jibrin maroƙi ya leƙo da kai ta taga yana wasa uban gidansa. Honarabul ya fito cikin farar babbar riga mai ɗaukar ido, ya gyara doguwar hularsa, ya dubi bishiyoyi ya ce, "Ga ni nan." Abin mamaki, tsuntsayen suka nuna rashin tarbiyya. Balbelu suka tashi, kurciyoyi suka bi su, zalɓen da ke tsaye a ruwa tun safe ya tattara ƙafafunsa ya bar unguwar. Hankaka ɗaya ne ya tsaya, shi ma wani mataccen ɓera yake gadi.

Wani ƙaramin mutum da sai ya ji kunya. Honarabul kuwa jawabi ya yi.

"Jama'a, kada ku ga laifinsu. Shekara goma sha biyar suna ƙarƙashin mulkin soja, dole su ji tsoron hukuma. Aikinmu ne mu wayar musu da kai."

Aka yi tafi. Aka kafa kwamiti mai mutum bakwai. Kwamitin ya ba da shawarar a watsa gero a matsayin romon dimokuraɗiyya, aka watsa kwano huɗu, kajin wata tsohuwa mai waina da ake kira Gwaggo suka zo suka cinye tas. Honarabul ya miƙa wa Audu kyamara, domin a fahimtarsa babban mutum ba ya ɗaukar hoto, ɗaukarsa ake yi. Da aka wanko fim ɗin, hoto talatin da shida, duk ga Honarabul yana nuna sama da yatsa. A guda biyu akwai wani ɗigo baƙi a can sama, wanda ya rantse alhudahuda ne. Mai wankin hoto ya ce ƙura ce a jikin gilashi.

Asabar uku ana haka. Damina ta fara ja da baya, mai ɗab'i ya ce nan da kwana goma zai rufe karɓar hotuna. A karon farko Honarabul ya taka da ƙafarsa zuwa zauren Malam Modu, ya tambaye shi sirrin abin.

Malam Modu ya ce babu wani sirri, illa mutum ya zama ba kowa ba. Ya zo shi kaɗai, ba turare, ba farin kaya, ba magana, ya zauna har tsuntsu ya manta da shi. Honarabul ya ji maganar kamar an ce ya yi murabus. Ya nemi sassauci, ko Jibrin kaɗai ya biyo shi ya riƙa yin kirarin a hankali. Malam Modu ya ce ko tari ba a yarda ba.

Washegari da sassafe, Malam Modu ya zaunar da shi a kan wani dutse a gindin badala, ya lulluɓe shi da tsofaffin buhunan gyaɗa tun daga kai har ƙafa, ya bar masa 'yar kafa ta bakin kyamara. Sun yi ja-in-ja a kan hula. Honarabul ya ce riga ya yarda, turare ya yarda, amma hula ita ce ofis, sai dai a rufe ta a kansa. Haka aka yi, buhu ya yi tsini a sama. Malam Modu ya ja da baya ya shige cikin wata sabara da tasa kyamarar.

Sauro ya ci rabonsa, cinnaku suka hau suka sauka, ƙafa ta yi sanyi ta mutu. Duk wannan mai sauƙi ne. Azabar gaske ita ce hanyar da ta bi ta gefensa. Mutane suna wucewa, babu mai rusunawa, babu mai cewa ranka ya daɗe. Gwaggo ta zo wucewa da awakinta, wata akuya ta tsaya ta sosa haƙarƙarinta a jikinsa ta yi gaba. Can sai ga Jibrin maroƙi da sakataren jam'iyya, suka tsaya dab da shi suna hira. Honarabul ya kasa kunne. Ya shirya jin yabo, ya ma shirya jin zagi, don zagin babban mutum shi ma ambato ne. Suka yi zancen ruwan sama, suka yi zancen tsadar taki, suka yi zancen ƙwallo, suka tafi. Ko sau ɗaya sunansa bai fito ba. Wallahi abin ya yi masa ciwo, har "ga ni nan" ta taso masa ta tsaya a maƙogwaro.

Yana cikin haɗiye ta sai ya ji wani abu mara nauyi ya sauka a kan tsinin hularsa. 'Yan ƙafafu biyu suka taka, suka gyara tsayuwa. Kyamara tana kan cinyarsa tana kallon kududdufi, tsuntsu kuwa yana bisa kansa, inda ko madubin hangen nesa ba ya kaiwa. Honarabul Mikail Baffa, wanda ko a sahun jana'iza sai ya yi gyaran murya, ya ɗauke numfashi ya yi shiru. Daga cikin sabara aka ji ƙyas, aka sake jin ƙyas.

Malam Modu ya fito, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce alhudahuda ne, kuma ya buɗe tukkun gaba ɗaya, rana tana bayansa. Honarabul ya yaye buhu, ya yi tambaya ɗaya tak.

"Na fito?"

"Ka fito, ranka ya daɗe. Wannan karon ba abin da aka datse."

Da shekara ta zo ƙarshe kalanda ta fito, kuma ba a taɓa ganin irinta ba. Tun daga Ƙofar Mazugal har Ƙofar Nassarawa, babu shagon da ba a rataya ta ba. A shafin farko ga alhudahuda ya baje tukku kamar ango, a kan wani abu ruwan ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai. Mai ɗab'i ya rubuta abin da idonsa ya nuna masa: alhudahuda a kan kututture, gindin badala, hoton Malam Modu.

Malam Modu ya zo har gida ba da haƙuri, don shi mutum ne mai kunya. Ya ce bai ga rubutun ba sai da aka gama bugawa. Sannan ya rage murya ya faɗi abin da yake zaton zai sanyaya zuciya.

"Ka kwantar da hankalinka. Daga ni sai kai sai Allah. Ba wanda zai taɓa sani."

Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Kwana uku Honarabul bai ci abincin kirki ba. Ga shi a bangon kowane shago a birni, shi gaba ɗayansa, a shafin farko, kuma ba wanda zai taɓa sani. Nana Hauwa, da ta gane tsinin hular tun kallon farko, ta ba shi shawara ya bar abin a rufe, mutunci ya fi kalanda. Ya ce ta yi gaskiya. Ya kwana biyu yana cewa ta yi gaskiya.

Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da shagon Isyaku mai aski ya cika da masu jiran layi kafin masallaci, sai turare ya yi sallama, shadda ta biyo baya. Honarabul ya wuce kai tsaye zuwa bango. Ya yi ɗan jawabi a kan sadaukarwa, da yadda shugaba na gari yake ƙasƙantar da kansa domin talakawa, masu ƙafa da masu fukafukai. Sannan ya zaro jan biro daga aljihu, ya fara zagaye kututturen, ya juyo ya dubi jama'a.

"Ga ni nan."

Isyaku ya ajiye almakashi, ya matso ya dubi kalanda, ya dubi Honarabul tun daga hula har takalmi, ya sake duban kalanda.

"Ai kuwa akwai kama, ranka ya daɗe," in ji shi. "Sai dai don Allah a yi hankali da biron nan, kada ya taɓa tsuntsun."