Sallamar da Na Ƙi Amsawa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar a lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a, sanda na koma gida Gwangwan karatu yana neman zubewa daga kaina. Ni na kawo shawarar mu ɗaliban Rogo da Ƙaraye mu buɗe zauren karatu a waya, mu riƙa haɗuwa ta bidiyo kullum da hantsi. Kowa ya faɗi abin da zai karanta, sai a yi tsit a duƙufa, hira sai an tashi. Wallahi ina kewar zaman nan. Ka ɗago kai ka ga wani a gindin mangwaro, wata a kan tabarma tunkiya na gilmawa ta bayanta, sai ka ji ba kai kaɗai kake fama ba.

Gaisuwa ce ta dame mu. Mutum ya shigo a makare, ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya bi gyaɗar kowa da tambaya, kafin ya gama data ta yi rabi. Sai na kafa doka: in an fara karatu ba sallama, ba gaisuwa, wanda ya yi magana in rufe masa murya. (Shugabancin ya hau mini kai sosai, har wata babbar riga nake sawa, ƙasa kuwa gajeren wando.)

A cikinmu akwai Hajara, 'yar Yammedi, wadda ba ta kunna kyamara saboda raunin sabis. Ita nake so, kuma a makon nan kawunnaina ke shirin zuwa wajen mahaifinta nema mini izini. Ta riga ta cika masa kunne da cewa ni yaro ne mai ladabi.

Ran Asabar ɗin, muna tsakiyar karatu sai wata murya ta fito daga layinta: "Salamu alaikum."

Na ɗauka wani ɗan uwanta ne ke wasa da wayar. Ban amsa ba, na rufe muryar. Jim kaɗan aka buɗe, aka sake sallama. Na sake rufewa. Da aka ƙara, sai na gyara zama don jama'a su ga aiki.

"Malam, ko wane ne kai, nan ba majalisar masu shayi ba ce. Mai neman gaisuwa ya tafi kasuwa."

Kyamara ta kunnu. Farin gemu, hula, tabarau a kan hanci.

"To, madalla," in ji dattijon. "Ni ne mahaifin Hajara. Na ce bari in gaisa da yaron nan mai ladabi."

Na zabura zan durƙusa, wayar ta zame daga kan bokitin da na jingina ta, duk zauren ya sha kallon gajeren wandona. Da na duba, mutanena kowa ya rufe baki da littafi, kafaɗu sai rawa suke.

Washegari na hau babur zuwa Yammedi, na tabbata na rasa Hajara. Na tsaya ƙofar zauren gidansu na yi sallama. Shiru. Na sake. Shiru, alhali ina hango mahaifinta zaune a kan buzu. Sai da gumi ya jiƙa mini riga sannan ya amsa.

"Shigo, ɗana. Yaya ka ji?"

"Baba, babu daɗi."

"To haka na ji, ni kuma a gaban yara."

Daga nan ya gaishe ni, gaisuwa irin ta da, tun daga iyayena har awakin gidanmu, ina durƙushe ƙafafuna sun yi tsami. A ƙarshe ya ce kawunnan nawa su zo.

Yau Hajara ce uwar 'ya'yana, 'yan zauren kuma kowa ya kama gabansa. Baba kuwa har gobe in ya kira ni sai ya fara da, "Ranka ya daɗe, an ba da izinin sallama?" Shi ya sa yanzu ko lambar da ban sani ba ce ta yi mini sallama, har da "wa barakatuhu" nake amsawa, sannan in tambayi ko wane ne.