Ƙulli Goma Sha Ɗaya a Ƙofar Rumbun Dila

A Dajin Kwarin Gawo, dabbobi ba sa ɗibar irin shuka yadda suka ga dama. Rumbuna uku gare su. Na farko rumbun gari ne, wanda aka gwada irinsa damina bayan damina. Na biyu rumbun gwaji, inda ake ajiye sabon irin da ba a gama sanin halinsa ba. Na uku na Dila ne, falken da ke kawo kaya daga nesa.

A ƙofar kowane rumbu akwai igiya mai ƙulle-ƙulle, kuma wanda ƙullinsa ya fi yawa daga shi ake fara ɗiba. Na gari biyar, na gwaji biyu, na Dila ɗaya. Akwai kuma tsohuwar doka da aka yi don shekarar annoba: rumbun da ƙullinsa ya wuce goma, irinsa zai maye gurbin kowane iri, ko da an riga an shuka. Bushiya ce mai kula da igiyoyin.

Wata shekara, bayan shuka ta kama, Sarki Ɓauna ya ɗanɗani kankanar Dila, ya tara majalisa.

Dila ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin sarki. Abin kunya ne a ce kankanar da ta shiga bakinka ƙulli ɗaya gare ta. A yi wa rumbun nawa ƙulli goma sha ɗaya."

Bushiya ta matso. "Ranka ya daɗe, in kankana ake so, a ɗaura wa buhun kankana igiyarsa shi kaɗai. In aka ƙulla a ƙofa, gero ma ya shiga, dawa ma ta shiga. Geron Dila kuwa ya shekara bakwai a rumbu. Na gan shi da idona, ƙwari sun bar ƙaiƙayi."

Waziri Biri ya yi dariya. "Iya, ke ba a taɓa kawo magana ba ki soke ta ba. Igiya biyu a rumbu ɗaya? Wahalar banza."

Zabuwa, mai 'ya'ya goma sha huɗu, ta ɗaga murya daga baya: "Geronmu fa ya kai gwiwa! Tumɓuke shi za a yi?"

"Wa ya ambaci gero a nan?" in ji Waziri. "Kankana ake magana."

Sarki ya gyaɗa kai. Bushiya ta ƙulla.

Doka ba ta san kankana ake nufi ba. Washegari dogarai suka bi gona gona, suna tuge gero mai rai suna binne matacce. Aka yi ruwa mai kyau. Ba abin da ya tsiro. Yunwa ta shigo.

Da kaka majalisa ta sake zama. Zabuwa ta shigo da 'ya'ya biyar, ba ta gaida kowa ba.

"Ku kwance ƙullin nan!" ta ce. "Tara na binne. Ku kwance shi tun sauran suna numfashi!"

Waziri ya gyara zama. "Baiwar Allah, kwancewa na nufin sarki ya yi kuskure. Abin tambaya shi ne, hannun wa ya ƙulla?"

Duk aka juya ga Bushiya. Aka karɓe igiyoyin daga hannunta.

Sai Dila ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin sarki. Ƙanena yana da rumbu mai gero sabo fil. A ba shi goma sha biyu, an huta."

Aka miƙa masa igiya ya ƙulla da kansa, tunda babu mai kula da ita kuma. Sannan aka yanka wa majalisa kankana. Ta yi zaƙi ƙwarai a shekarar.