Babbar Sharar Injiniya Gwadabe

Duk wanda ya ce ilimin zamani bai iso Tudun Wada ba, to bai taɓa shiga shagon Injiniya Gwadabe ba. Shagon yana bakin hanyar kasuwa. Kwamfuta ɗaya ce a ciki, da firinta ɗaya, da dogon benci. A bango, daidai saman hularsa, an rataye satifiket cikin gilashi, mai jan hatimi, daga wata jami'a ta ƙasar waje wadda babu mai iya faɗar sunanta, har da shi kansa. Idan ka kira shi Malam Gwadabe, ba ya ji. Kunnensa ba ya buɗewa sai an ce Injiniya.

Mutum ne mai tsafta. Ba tsaftar shago ba, domin gizo-gizo ya daɗe da tarewa a bayan firinta. Tsaftar na'ura ake nufi. Kowace Alhamis bayan la'asar yakan yi abin da ya raɗa wa suna Babbar Shara. Sai ya jira benci ya cika, ya naɗe hannun riga, ya buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ya fito da jerin duk abin da aka sauke a makon: sakamakon jarrabawa, fom na neman aiki, hotunan biki. Sannan ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kwamfuta rumbu ce, ba a barin ta da ƙaiƙayi. Wanda bai yi karatu ba sai ya bi lungu-lungu yana neman fayil. Ni kuwa daga nan, daga cikin burauza, dannawa ɗaya. Abin da na goge, ko waɗanda suka ƙera na'urar ba su isa su dawo da shi ba."

Sai ya danna, jerin ya koma fari fat, shi kuma ya jingina kamar wanda ya gama nome gona. 'Yan acaɓa suka sa masa Sarkin Shara. Ya ɗauka sarauta ce, ya karɓa hannu biyu.

Abin mamaki, duk da wannan hidima, kwamfutar kullum ƙara nauyi take yi. Injiniya ya bincika, ya gano laifin zafin gari ne, da kuma wani mutumin Burumburum da ya taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu.

Wata Talata Malama Balaraba ta zo. Tsohuwar malamar firamare ce. Ɗanta Mudassir ya rasu wata huɗu da suka wuce, yana ajin ƙarshe a jami'a. Abokinsa Faruk ya turo mata adireshin wani bidiyo da ya ɗauke shi a duwatsun Riruwai, kuma ƙaramar wayarta ba ta buɗe irin wannan. Injiniya ya sauke, ta kalla. Minti ɗaya ne da daƙiƙa arba'in. Mudassir yana riƙe da wani dutse yana bayani, ya yi dariya sau biyu. Ba ta da muryarsa a ko'ina sai nan. Ta ce za ta dawo da memori a zuba mata. Injiniya ya gyaɗa kai, hankalinsa yana kan gyara zaman hula.

Ta dawo ranar Asabar, memorin a ƙulle a bakin mayafi. Bayan gaisuwa ta miƙa masa.

"Ayya, Hajiya. An yi Shara shekaranjiya."

"To a sake saukewa mana."

Ya gwada. Wa'adin adireshin ya ƙare. Aka kira Faruk, ya ce wayar da bidiyon yake ciki ta faɗa ruwan Tiga tun makon jiya.

Injiniya ya ce Allah ya ji ƙansa, da irin muryar da ake buga hatimi a takarda. Daga nan ya juya wajen mutanen benci, don ba kullum ake samun darasi irin wannan ba.

"Kun gani ko? Abin da nake faɗa kenan. Gogewata ba ta da gyara. Da wani ne ya goge, da sai a lalubo. Amma ni?"

Malama Balaraba ta fara mayar da memorin bakin mayafi, ƙullin ya ƙi ƙulluwa.

A ƙarshen benci akwai Zulaihat, ma'aikaciyar ajiye bayanai a wani asibiti, wadda ta zo buga takarda. Ta miƙe.

"Injiniya, ɗan matsa in gani."

"Baiwar Allah, kujerar nan ba a hawanta sai da takarda." Ya nuna bango da ɗan yatsa.

"Ba sai na zauna ba, ranka ya daɗe."

A tsaye ta kama maus. Ba ta ko kalli burauzar ba. Ta buɗe foldar da abin da aka sauke yake taruwa, kwamfutar ta yi nishi, sannan ta fara zubo su. Fayil dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha ɗaya. Na shekara uku cur, babu ko ɗaya da ya yi ciwon kai.

"Sunayensu kawai kake gogewa daga jeri," in ji ta. "Kamar mai gida ya yaga takardar sunayen baƙi, ya ce baƙin sun tafi. Ga su nan a ɗaka, sun cika maka gida. Inna, ran Talata kika ce?"

Ta nemo bidiyon a cikin fayilolin ranar, ta danna. Muryar Mudassir ta cika shagon. Babu wanda ya yi motsi har ya yi dariyarsa ta biyu. Zulaihat ta zuba bidiyon a memori, ta sake tura shi wayarta don kada a kuma, ta ƙulle wa tsohuwar bakin mayafinta da kanta.

Babban mutum ba ya rasa abin faɗa. Injiniya ya miƙe tsaye.

"To, alhamdulillahi. Wannan shi muke kira ajiya ta ɓoye. Da gangan na tsara ta haka, saboda irin wannan rana. Sai wanda ya yi zurfi a karatu..."

"Ai ga karatun nan ma," in ji Zulaihat, tana gangarawa can ƙasan foldar.

Fayil uku ne a jere, an sauke su rana ɗaya, daga wani shafi da ake rubuta suna ya fito da satifiket. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Jami'a ɗaya, jan hatimi ɗaya. Na farko Farfesa Gwadabe. Na biyu Dakta Gwadabe. Na uku shi ne yake rataye a bango. A yaba masa, ya zaɓi mafi ƙanƙanta.

Mutanen benci suka dubi allo, suka dubi bango, suka sake duban allo.

Malama Balaraba ta sa takalmanta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Na gode da ba ka iya ba, Malam Gwadabe."

Ya ce, "Na'am, Hajiya."