Sarakuna Uku da Tukwane Bakwai

Wata Lahadi da la'asar muka taru gidan abokina Habibu a unguwar Harlem. Bayan mun ci tuwo ya ɗauko karta, ya ce yau wani sabon salon poker zai koya mana. Ba kuɗi, da gyaɗa za a buga, wanda tasa ta fara ƙarewa shi zai wanke tukwane.

Ya soma bayanin dokoki, na ɗaga masa hannu. "Malam, raba kawai. Tun kana firamare nake karta a Kano."

Aka ba kowa uku. Na leƙa nawa: sarki, sarki, sarki. Na gyara zaman hula, na tura gyaɗata kaf tsakiyar tebur, har da 'yan biyun da na ware don taunawa.

"Ka tabbata?" in ji Habibu.

"Kai dai nemo wa wani soso," na ce.

Issoufou, wani ɗan Nijar mai shago a unguwar Fordham wanda ranar ya fara riƙe karta, shi ya bi ni da tasa gyaɗar. Da aka gama rabo na baje sarakunana kamar mai nuna takardar digiri. Sai Issoufou ya ce cikin ladabi, "Alhaji, ba cewa aka yi mai ƙananan lambobi ke ci ba?"

Ashe a wannan wasan babu hannun da ya kai nawa muni.

Tukwane bakwai na wanke, har da mai ƙanzo. Har yau ko a subway, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka haɗu, sai Habibu ya dunƙule hannu ya rusuna gaban mutane: "Ranka ya daɗe, ya fada? Su sarakuna duk suna lafiya?"