Dokar Ɗaga Hannu

A wani daji an yi rumbun gero na haɗin gwiwa, kuma har yau na kasa amsa tambayar da ya bar mini: wa ya fi laifi, wanda ya san ɓarna ya yi shiru, ko wanda ya bi sawunsa?

Kowace dabba tana da hannun jari a rumbun. Aka naɗa Mesa da Kasa da Kumurci shugabanni, don ba sa cin gero. Doka ɗaya aka kafa musu: shugaban da ya sayar da hannun jarinsa, ya ɗaga hannu a taro kowa ya gani. Macizan suka karɓi dokar da murna.

Tunku bai taɓa yarda da maciji ba. Kullum yana duba yashin hanyar da ta nufi rumfar Hankaka dillali. Wata safiya ya kira Bushiya, wadda ba ta da abin ciyar da 'ya'yanta a bazara sai hannun jarinta.

"Inna, zo ki gani. Wannan jan cikin mai faɗi na Mesa ne, wannan na Kasa. Duk sun je wurin Hankaka. Su kaɗai ke shiga ƙarƙashin rumbu, jiya kuma na ga Gara tana sakace. Ki sayar."

"In sayar wa wa, ɗan nan? Wanda bai sani ba? Allah ya kiyaye. A taro zan tambaya."

Ta kuwa tambaya. Mesa ya gyara naɗi ya ce, "Jama'a, mu bayinku ne. Ina alfahari cewa tun da aka gina rumbun nan, ba a taɓa ganin hannun shugaba a sama ba. Wane daji ne zai faɗi haka? Gara kuwa gaisuwa ta zo. Amma don hankalin Inna ya kwanta, wanda ya sayar a cikinmu ya ɗaga hannu."

Aka dubi Mesa, aka dubi Kasa, aka dubi Kumurci. Babu hannu ko ɗaya. Masu hannu suka yi tafi.

"Ranka ya daɗe, ai ku ba ku da..." in ji Tunku.

Kumurci ya fasa kai, ya ce lokacin tambaya ya wuce.

A hanyar gida Bushiya ta kara kunne a jikin rumbun. Ta ji ana ci a ciki, a natse, ba gaggawa. Da ta isa, ƙaramin ɗanta ya tambaye ta ko bana ma za a yi kunu.

Washegari ta je rumfar Hankaka. Ta taras da Jaki, baƙo daga wani daji, yana neman hannun jari saboda labarin tafin da ya ji. Suka daidaita. Kafin ya biya ya ce, "Baiwar Allah, ni baƙo ne. In kin san wani aibu a rumbun nan, ɗaga hannu, yadda na ji kuna yi."

Bushiya ta dunƙule.

Jaki ya zagaya ta, ya leƙa ta sama da ƙasa, bai ga hannu ba. Ya biya, yana cewa bai taɓa shiga daji mai gaskiya irin wannan ba.